Yadda Ake Binciken Zuciya na Kullum Bisa Koyarwar Waliyyi Ignatiyus na Loyola

Cikin mutanen da suka yi wa Ikilisiyar Katolika gyara daga ciki a ƙarni na 16, da wuya a sami wanda ya bar abin da talaka zai ɗauka ya yi aiki da shi yau-yau kamar Ignatiyus na Loyola. Majalisar Trent ta shugabannin Ikilisiya, wadda ta zauna tsakanin 1545 da 1563, dokoki ta gyara: ta tilasta wa bishop ya zauna cikin jama'arsa, ta sa a buɗe makarantun horar da firistoci. Ignatiyus kuwa mutum ɗaya-ɗaya ya bi. Kayan aikinsa mafi ƙanƙanta, wanda kuma ya fi yaɗuwa, wata gajeriyar addu'a ce ta kamar minti 15, inda mutum zai tsaya gaban Allah ya waiwayi yininsa. Ya sanya wa ɗaliban ƙungiyarsa ta 'yan Jesuit su riƙa yin ta sau biyu a rana. Mutane da yawa suna farawa, su yi mako biyu su watsar, galibi don an koya musu ita a juye.

Kafin matakan, sai an san inda abin ya samo asali, domin kusan kowace ƙa'ida a ciki daga wahalar da mai ita ya sha ta fito.

An haifi Ignatiyus a 1491 a gidan Loyola, a yankin Basque na arewacin Sifen. Mutumin fada ne, mai son suna da ado. Ranar 20 ga Mayu 1521, ana kare garin Pamplona daga sojojin Faransa, harsashin igwa ya ragargaza masa ƙafar dama. Yana jinya a gida ya nemi littattafan jarumai da soyayya da ya saba karantawa, ba a samu ba, aka miƙa masa tarihin rayuwar Almasihu da na waliyyai. A kan gadon nan ya lura da wani abu. In ya yi ta tunanin irin bajintar da zai yi don burge wata mace mai daraja, sai ya ji daɗi a lokacin, amma da tunanin ya wuce sai ya bar shi a bushe, ransa a dagule. In kuwa ya yi tunanin yin irin abin da Waliyyi Faransis da Waliyyi Dominik suka yi, daɗin yakan zauna ko bayan tunanin ya wuce. Duban abin da tunani ya bari a bayansa shi ne tushen dukan koyarwarsa.

A Maris 1522 ya ajiye takobinsa a Montserrat, ya wuce Manresa, ya zauna kusan wata 11. A can ya wuce gona da iri. Yana addu'ar awa bakwai a rana, ya bar gashi da farce ba gyara, ga waswasi ya kama shi: ya furta zunubi, ya koma ya sake furtawa, kullum gani yake ya bar wani abu. Ya taɓa yin mako guda bai ci komai ba, sai da firist ɗin da ke sauraron furcinsa ya umarce shi ya ci. Ƙuncin ya kai har tunanin hallaka kansa ya zo masa. Ya sami fita ne da ya gane inda wannan tunani ke kai shi, ya yanke cewa ba zai ƙara tono abin da ya riga ya furta ba. Abubuwan da ya riƙa rubutawa tun daga Manresa su suka zama littafinsa na atisayen ruhaniya, wanda Fafaroma Bulus na Uku ya amince da shi a 1548, shekara takwas bayan ya amince da Ƙungiyar Yesu, wato 'yan Jesuit, a 1540. Ignatiyus ya rasu a Roma ranar 31 ga Yuli 1556, aka sa shi cikin waliyyai a 1622.

Shiri

Zaɓi lokaci biyu ka riƙe su: bayan abincin rana da bayan abincin dare. Haka Ignatiyus ya tsara. Wanda aikinsa bai ba shi damar tsayawa da rana ba, ya fara da na dare kaɗai, amma kada ya bari sai ya hau gado. Wanda ya kwanta ya ce zai yi bincike, barci zai yi. Zauna a kujera ko tabarma, ko ka durƙusa in gwiwa ta yarda, waya kuma a wani ɗaki. In ana buƙatar agogo, a sa ƙararrawar minti 15 a kife wayar nesa da hannu.

Akwai wata 'yar al'ada da ya koyar don shiga kowace addu'a, tana da amfani ƙwarai a nan. Taku ɗaya ko biyu kafin wurin da za ka zauna, ka tsaya tsawon lokacin da za a karanta Addu'ar Ubangiji, ka tuna cewa Allah yana dubanka, ka sunkuya ko ka yi alamar gicciye. Bai kai minti ɗaya ba, amma shi ke raba hayaniyar yini da addu'a. Wanda ya tsallake shi yakan ɓata rabin lokacinsa yana lissafin kuɗin cefane.

Matakai biyar

Na farko godiya ce, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa fiye da yadda yawancin mutane ke yi. Ba da ita minti uku zuwa huɗu. Godiyar dunƙule, irin ta "na gode da rai da lafiya", ba ta isa ba, don baki yakan faɗe ta zuciya tana wani wuri. Ka ambaci abubuwa da sunansu, na yau ɗin nan: ruwan da aka samu a famfo da safe, maƙwabcin da ya riƙe maka yaro, maganar da ta zo bakinka ka haɗiye, ciwon da ya lafa. Uku ko huɗu sun isa, ka tsaya kan kowanne har ka ji nauyinsa. Ignatiyus yana ganin butulci a matsayin tushen zunubai, shi ya sa ya sa godiya gaba. Akwai kuma dalili na aiki. Mutumin da ya fara da lissafin laifinsa yakan shiga da tsoro, mai tsoro kuwa ko ya ɓoye laifin ko ya kumbura shi. Wanda ya fara ganin cewa an yi masa alheri yau yana iya duban kuskurensa ido da ido. Kutare goma aka warkar a Luka 17, ɗaya ne ya komo.

Na biyu, roƙon haske. Minti ɗaya. Ka roƙi alherin gane zunubanka da rabuwa da su. Zabura 139:23-24 ta dace da wurin nan. Kada a raina gajartarsa. In aka cire shi, abin ya tashi daga addu'a ya koma mutum yana yi wa kansa shari'a, shi ne alƙali shi ne mai ƙara.

Na uku shi ne waiwayen kansa, minti biyar zuwa shida. Ka fara daga lokacin da ka tashi, ko daga binciken da ya gabata, ka bi awa-awa ko sashe-sashe: asuba zuwa fita, hanya, wurin aiki ko gona ko kasuwa, dawowa gida. A kowane sashe ka dubi tunani, sannan magana, sannan aiki. Wannan jeri nasa ne, kuma yana da hikima, don aiki mara kyau da wuya ya faɗo daga sama. Tsawar da aka yi wa yaro ƙarfe bakwai na yamma sau da yawa ta faro ne daga wulaƙancin da aka haɗiye ƙarfe goma na safe.

Kan tunani akwai abin da ke ruɗa masu farawa. Mugun tunani ya zo maka ba laifi ba ne. A koyarwarsa, in tunanin ya zo ka ƙi shi, ko da ya yi ta dawowa kana ta ƙi, lada ka samu. Laifin yana farawa inda ka saurare shi ka yi masa masauki. Kan magana, ya ambaci rantsuwar banza, da maganar da ba ta amfani kowa, da tona asirin wani. Na ƙarshen nan shi ya fi yawa a tsakaninmu, kuma ya fi wuyar ganewa, don yakan zo da rigar "mu sa shi cikin addu'a".

Masu koyar da wannan addu'a a zamanin nan sun faɗaɗa mataki na uku, kuma mun ga dacewar hakan, don ya yi daidai da abin da ya faru a gadon jinya na Loyola. Ban da laifi, ka tambayi kanka: a wane lokaci yau na ji bangaskiya da bege da ƙauna sun ƙaru a raina? A wane lokaci kuma na ji duhu, da rashin natsuwa, da jan zuciya zuwa abin ƙasa? Na farko shi ne ta'aziyya, na biyu bushewa. Kada a haɗa su da jin daɗi da rashinsa. Mai kukan nadama yana cikin ta'aziyya ko da hawaye na zuba. Wanda ya rama abin da aka yi masa yana iya jin daɗi, amma duba abin da daɗin ya bar masa bayan awa biyu.

Ba za ka iya bin kowane abu ba cikin minti shida, kada ma ka gwada. Ka bi yinin da sauri, inda zuciyarka ta yi tsam ka tsaya nan. Wuri ɗaya ko biyu.

Na huɗu, neman gafara, minti biyu. Ka faɗi laifin da sunansa, ba tare da "amma ai shi ya fara" ba. In babban zunubi ne, ka ƙudura zuwa wurin fada, wato firist, ka furta, domin wannan bincike ba ya maye gurbin sakramentin furta zunubi, share masa hanya yake yi.

Na biyar, ƙudurin gyara da taimakon alherin Allah, minti biyu, sai a rufe da Addu'ar Ubangiji. Ƙudurin ya zama ƙarami, mai lokaci da wuri. "Zan zama mai haƙuri" ba ya kama komai. "Gobe in na shiga shago zan fara gaishe da wanda muka yi sa-in-sa da shi" yana kamawa. Rabon mintocin nan shawara ce tamu, matakan biyar da jerinsu ne nasa.

Bincike na musamman: laifi ɗaya tak

Wannan shi ne sashen da aka fi mantawa da shi, alhali shi ke canza hali. A nan za ka ɗauki laifi ɗaya ka sa shi gaba har ya yi rauni.

Ana buƙatar ƙaramin littafin rubutu da biro. A shafi ɗaya ka ja layi biyu domin kowace rana, daga Lahadi zuwa Asabar, layi 14 ke nan. A zanen da ke cikin littafinsa layukan Lahadi sun fi tsawo, suna raguwa har Asabar. Yawancin masu sharhi suna ɗaukar hakan alamar sa ran laifin zai ragu.

Da ka farka, kafin komai, ka ƙudura tsare kanka daga wannan laifin har rana. Bayan abincin rana ka roƙi alherin tunawa, ka bi awannin safe, ka ɗiga ɗigo ɗaya a layin farko domin kowace faɗuwa, ka sabunta ƙuduri. Bayan abincin dare ka yi haka a layi na biyu. Cikin yini, duk lokacin da ka faɗa, ka ɗora hannu a ƙirji ka yi nadama a zuci. Ya lura cewa ana iya yin haka cikin taro ba wanda ya gane. Amfaninsa shi ne yana taƙaita tazarar da ke tsakanin faɗuwa da farga. Da farko sai dare kake tunawa, daga baya nan take, can gaba kuma kafin kalmar ta fita. Da dare ka gwada layi na biyu da na farko, gobe ka gwada yau da jiya, ran Asabar ka gwada mako da mako. Wanda bai iya rubutu ba, sai ya zuba ƙwayar wake ko tsakuwa a aljihun dama, duk faɗuwa ya mayar da ɗaya hagu, da dare ya ƙirga.

Zaɓin laifin shi ne inda ake yawan kuskure. Ya zama abin da za a iya ƙirgawa. "Girman kai" ba ya ƙirguwa, amma katse mutum yana magana yana ƙirguwa. "Rashin ƙauna" ba ya ƙirguwa, amma ambaton aibin wanda ba ya nan yana ƙirguwa. A fara da wanda ke cutar da mutanen gida da abokan aiki, kafin na ɓoye. In ba ka san wanne ba ne, tambayi matarka ko mijinki, amsar ba za ta yi jinkiri ba. Ignatiyus ya kwatanta magabci, wato Shaiɗan, da shugaban yaƙi da ke zaga ganuwar gari yana neman inda ta fi rauni ya kai hari ta nan. Laifin da ya fi maimaituwa a bincikenka na dare cikin mako biyu, nan ne gibin.

Kada ka ɗauki biyu. Wanda ya sa laifi uku gaba lokaci guda ba zai iya tsaron ko ɗaya ba. Kuma kada ka firgita in ɗigon ya ƙaru a makon farko ko na biyu. Ba lalacewa ka yi ba, idonka ne ya buɗe, kana ganin abin da dā yake wucewa ba ka sani ba. Ka riƙe laifi ɗaya aƙalla wata guda kafin ka yi tunanin sauyawa. Littafin kuma a adana shi, ba suna, ba bayani, ɗigo kawai.

Inda abin ke lalacewa

Babban haɗari shi ne waswasi, cutar da ta kusa halaka mai koyarwar kansa. Alamarsa: minti 15 ya zama 40, kana komawa kan abin da aka riga aka gafarta, kana ganin zunubi inda babu, kana tashi daga addu'a da nauyi fiye da yadda ka zauna. Ya bayyana cewa magabci yakan dubi irin lamirin mutum. In mai laushi ne, sai ya ƙara masa laushi har ya ruɗe, in mai kauri ne, sai ya ƙara masa kauri. Maganin kowanne shi ne ya karkata zuwa ɗaya gefen har ya tsaya a tsakiya. Mai waswasi ya ajiye littafin ɗigo gaba ɗaya, ya tsaya cak idan ƙararrawa ta buga, ya ba godiya rabin lokacin, ya kuma riƙe firist ɗaya ya bi maganarsa. Yawo daga fada zuwa fada da tambaya ɗaya ƙara wa cutar ƙarfi yake yi. Mai kaurin lamiri kuwa, wanda kullum bincikensa ke ƙarewa da "yau dai ba komai", shi ya fi kowa buƙatar biro da takarda.

Sai bushewa. Za ta zo, ba makawa: kwanaki ka zauna ba ka jin komai, addu'a ta zama nauyi. Ƙa'idarsa a nan ba ta da sassauci. A lokacin bushewa kada ka canza shawarar da ka yanke lokacin da kake cikin haske. Ba lokacin ajiye aikin coci ba ne, ko barin gidan aure, ko watsar da addu'a. Abin da za a canza shi ne ƙoƙari: a ƙara addu'a kaɗan, a ƙara bincike. Ga masu addu'ar awa guda ya ce in zuciya ta matsa a tashi da wuri, a ɗan wuce awar. Mai minti 15 ya ƙara ɗaya ko biyu. Ya ba da dalilai uku da ke kawo bushewa. Ko sakacinmu ne, ko gwaji ne don a ga iyakar tafiyarmu ba tare da lada na nan take ba, ko kuwa don mu san cewa ta'aziyya kyauta ce, ba mu muke ƙera ta ba. Duba na farkon tukuna, shi ne a hannunka. Kuma kada ka ɓoye. Jarabar da aka faɗa wa mai ja-gora na kirki takan rasa ƙarfinta, shi ya sa kullum take neman a rufe ta.

A nan sai an yi hattara da wani abu. In duhun ya ɗauki makonni, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa, wannan ya wuce abin da binciken zuciya zai ɗauka shi kaɗai. A faɗa wa wani na kusa a ranar, a ga likita, addu'a kuma ta ci gaba tare da magani.

Ta'aziyya ma tana da nata tarkon. Wanda zuciyarsa ta cika yakan yi saurin alkawari: azumin kwana kaza, ba da rabin jari, shiga gidan zuhudu. Ya gargaɗi masu ja-gora su hana gaggawar wa'adi a irin wannan lokaci. Ga wanda ya yi nisa, jaraba ba ta zuwa da baƙar fuska, takan zo da kamannin mala'ikan haske, yadda 2 Korantiyawa 11:14 ta faɗa. Gwajin shi ne a bi tunanin daga farkonsa zuwa tsakiya zuwa ƙarshe. In ya fara da kishin gyara ƙungiyar mawaƙa ya ƙare da raina kowa da rashin barci, to wani abu ya shiga a hanya. Koma baya ka nemo daidai inda ya karkace.

Koya wa wasu, da abin da ke gaba

Katikis ko shugabar Zumuntar Mata da ke son koyar da wannan ba ta buƙatar jiran masu ilimi. Ignatiyus da kansa ya ware wannan sashe domin mutanen da ba su yi karatu mai zurfi ba: bincike na musamman, bincike na gaba ɗaya (wato matakai biyar ɗin nan), rabin awa da safe kan Dokoki Goma da manyan zunubai, furta zunubi kowane mako, da karɓar Jibi Mai Tsarki duk mako biyu ko ma kowane mako. A zamanin da mutane da yawa ke karɓa sau ɗaya a shekara, wannan gyara ne babba, kuma koyar da talakawa al'amuran ruhu ba tare da digirin tauhidi ba ya jawo masa tsarewa a Alcalá da Salamanca kafin ya tafi karatu Faris, babban birnin Faransa, a 1528.

A taron koyarwa a yi shi tare sau ɗaya: jagora ya faɗi mataki, a yi shiru, ya faɗi na gaba. Kada a sa kowa ya faɗi laifinsa a bainar jama'a. Abin da za a iya rabawa shi ne godiya. Jagora ya rage wa'azi, domin ƙa'idar Ignatiyus ita ce mai ba da atisayen ya tsaya a tsakiya ya bar Mahalicci ya yi hulɗa da halittarsa kai tsaye. Ga yara a taƙaita zuwa tambaya uku bayan tuwon dare: me za ka gode wa Allah a kai, me ka yi nadamarsa, me za ka roƙa domin gobe.

Wanda ya riƙe wannan wata shida ko shekara, yana kuma jin ƙishin ƙari, cikakken atisayen yana nan ta hanya biyu. Ɗaya ita ce keɓewa ta kusan kwana 30 cikin shiru, da addu'a har sau biyar a rana, kowace awa guda. Ɗayar kuma ya tanada ne domin masu aikin da ba za su iya barinsa ba: awa ɗaya da rabi kullum a gida, wanda a yau akan shimfiɗa shi kan watanni da dama. Duka biyun ba a yin su daga littafi kai kaɗai, don an rubuta littafin ne domin mai bayarwa. 'Yan Jesuit suna aiki a Najeriya, su ne ke da makarantar Loyola da ke Abuja, wadda aka buɗe a 1996, akwai kuma firistoci da sistoci na wasu ƙungiyoyi da aka horar kan wannan ja-gora. Fara da tambayar fadan cocinka wa zai haɗa ka da shi, ka kuma shirya gaya wa mai ja-gorar abin da ya fi maimaituwa a bincikenka na watannin baya, don daga nan zai san inda zai fara da kai.